Maɓalli mai layi uku: dabarar CSS zalla ko maɓalli na gaskiya?

Malam, ka ce kana gina shafin wani shagon yadi a Garwa da na wata Islamiyya a Marwa, kana son maɓalli ɗaya mai buɗe jerin shafuka wanda za ka riƙa ɗauka daga wannan aiki zuwa wancan, amma ka rasa wanne za ka zaɓa tsakanin dabarar CSS zalla (CSS shi ne harshen da ke tsara adon shafin intanet) da maɓallin da JavaScript, harshen da ke sa shafi ya yi aiki idan an taɓa shi, ke motsawa. Na yi aiki da duka biyun, kuma na biyun nake ba ka shawara.

Dabarar CSS ta dogara ne da ɓoyayyen akwatin zaɓi. Mutum ya taɓa alamar layuka uku, akwatin ya cika, sai dokar `:checked` ta fito da jerin. Ba na raina ta, domin a inda intanet ke rarrafe fayil ɗin JavaScript yakan makara ko ya ƙi zuwa sam, ita kuwa ba ruwanta da shi. Sai dai tana da tsada ta wani wajen. Idan ka ɓoye akwatin da `display:none`, mai amfani da madannan kwamfuta ba zai taɓa isa gare shi ba. Makaho kuma, wanda manhaja ke karanta masa allo, ko ya isa wurin, abin da zai ji shi ne akwatin zaɓi, ba maɓalli ba. Na taɓa zama kusa da wani ɗalibi makaho yana shafa allon wayarsa, yana neman hanyar shiga shafin kuɗin makaranta da ni na gina, har ya gaji ya miƙo mini wayar. Tun ranar na bar wannan dabara.

Shi kuwa `button`, wato maɓalli na gaskiya na HTML, harshen da ake gina shafi da shi, da kayan aikinsa yake zuwa: Enter da Space duk suna danna shi ba tare da ka rubuta komai ba. Aikin JavaScript a nan bai wuce layi biyar ko shida ba, wato ya juya `aria-expanded`, sifar da ke gaya wa manhajar karanta allo ko jerin a buɗe yake ko a rufe, tsakanin `true` da `false`. Daga nan sai ka rataya adon a jikin wannan sifa ɗin, ta yadda idan ta zama `true` layukan su rikiɗe su koma gicciye, jerin ya buɗe. Abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji ba za su taɓa saɓawa ba, tunda tushensu ɗaya. Matsalar intanet kuma tana da magani: bar jerin a buɗe tun farko, kada a naɗe shi sai JavaScript ya iso.

Wajen maimaita amfani ne tazarar ta fi fitowa. A yadda aka saba yin dabarar, akwatin zaɓi yana bukatar ya riga jerin zuwa a tsarin shafi, da zarar ka sauya wurinsa komai ya wargaje. Maɓalli kuwa ko'ina ka aje shi zai yi aiki. Ka zana layukan da SVG, wato zanen da ake rubutawa da lamba, ka ba su `currentColor`, sai su ɗauki launin rubutun shafin da kansu, kore a Islamiyya, ruwan goro a shagon yadi.

Kada ka ƙanƙantar da maɓallin. Ƙa'idar WCAG 2.2 ta 2023, mai tsara yadda shafuka za su yi wa masu buƙata ta musamman sauƙin amfani, ta sa fiksel 24 tsawo da faɗi a matsayin mafi ƙanƙanta, amma ni ba na yin ƙasa da 44, saboda ɗan kasuwa da babban yatsa yake dannawa, yana tafe. Alamar kanta Norm Cox ne ya zana ta don kwamfutar Xerox Star ta 1981, duk da haka har yau ba kowa ya san ma'anarta ba. Don haka rubuta "Menu" a gefenta, kalmar da mai karatun Faransanci da mai Turanci duk za su gane a nan Kamaru.