Ruwan inabin Eger, fari da ja, kafin ya zama giya

Shekarata ta biyu ke nan ina karatu a Debrecen, kuma duk wanda ya zauna a Hangari ya san mutanen nan ba su da abin alfahari kamar inabinsu. Kullum abokan karatu suna yabon giyar Tokaj, da ta Villány, da Bikavér ta garin Eger, wadda ma'anar sunanta "jinin bijimi". Ni Musulma ce, ba na kusantar giya, amma na daɗe ina son in san wane irin inabi ne wannan da ake ta kurantawa. Ashe akwai hanyar halal.

A ƙarshen Satumba, lokacin girbi, muka tafi Eger. A gefen garin akwai wani kwari da ake kira Szépasszony-völgy, inda aka fafe dutse aka yi rumbunan giya a jere, ƙofa kusa da ƙofa. A ɗaya daga cikinsu wata dattijuwa ta ga ɗankwalina, ba ta ma bari na yi dogon bayani ba. Ta ɗauko tulun gilas ta zuba mini abin da suke kira must, wato ruwan inabin da aka matse a ranar, bai fara tsami ba. Yana da ɗan duhu-duhu kamar kunun da bai kwanta ba, ga sanyin rumbu. Kurɓa ɗaya na yi na gane cewa abin da na saba saya a kwali da sunan ruwan inabi ruwan sukari ne kawai.

Na sayi kwalba uku: must ɗin nan, da biyu, ɗaya fari ɗaya ja, waɗanda aka dafa aka rufe don su daɗe. Su ake kira szőlőlé.

Farin na inabin Irsai Olivér ne, irin da wani masanin noma, Pál Kocsis, ya samar a 1930. Kafin ya kai bakinki ƙamshinsa ya riga ya cika hanci, kamar an buɗe kwalbar turaren furanni. Kofin farko ya yi mini daɗi ƙwarai. Na biyu kuwa zaƙin ya fara gundurata, domin ba shi da tsamin da zai riƙe shi. Sai da na sirka shi da ruwan soda, rabi da rabi, kamar yadda 'yan ƙasar ke yi wa farar giyarsu, sannan ya zauna daidai.

Jan shi ne ya sace zuciyata. Na inabin Kékfrankos ne, wanda ya fi kowane jan inabi yawa a gonakin ƙasar, kuma shi ne ginshiƙin Bikavér ɗin da ake magana. Launinsa bai yi jan da na zata ba, ya fi kama da zoɓon da aka tsinka, saboda launin yana cikin ɓawon inabin ne, ba cikin ruwansa ba. Amma ɗanɗanon! Zaƙi ya fara zuwa, tsami ya biyo baya ya share shi, sai wani ɗan bauri ya tsaya a gefen harshe kamar na ɓawon tsamiya. Na sha shi da shinkafa da miyar kaza mai yaji, bai ɓace a ƙarƙashin barkono ba. Ya fi na kanti tsada, kuma ya ci kuɗinsa.

Inda zan ja kunnen 'yan uwa shi ne must. Dattijuwar ta nuna mini firij da hannu, ta ɗaga yatsu biyu, ta ce in shanye shi da wuri. Na sha rabi, sauran ya kwana uku a kan tebur. Da na murɗa murfin sai na ji ya yi "tsss", kumfa ta taso, warin ya canja. Ya fara zama abin da suke kira murci, wato ya kama hanyar giya. Nan take na zubar. Don haka idan za ki saya a rumbu, ki tambaya ƙarara ko must ne ko murci, domin a ido kusan kamarsu ɗaya. A kan kwalba kuma ki nemi kalmar alkoholmentes, wato babu barasa a ciki.

Kékfrankos ɗin ya ƙare tun makon farko. Na riga na yi wa wata ƙawata da za ta Eger saƙon kwalba huɗu.