Kayan zaƙin Santambul: wanda na ci a can da wanda ya iso gida

Sarin kaya ya kai mu Santambul ni da ƙanwata, kuma kwana huɗun farko ba abin da muka sani sai hawa da sauka a shagunan unguwar Laleli. Ranar da muka gama ɗaure kaya na ce mata yau kuma baki zai ci nasa rabon.

Muka hau jirgin ƙasan nan na cikin gari, ya ƙetare gadar Galata ya sauke mu a Karaköy, muka nufi Güllüoğlu, shagon bakilawa da ke ci tun 1949. Ni na tashi na san bakilawa cikin kayan gara, kusa da alkaki da dubulan da nakiya, don haka na shiga ina ganin ai ba baƙon abu ba ne. Ashe suna ne kawai ya zo ɗaya. Tasu fallen ƙullu ne da aka murza har ana hango hannu ta cikinsa, a jera shi hawa-hawa, a shafe da man shanu, tsakiya a cika da dakakken fistashiyo, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa, kore shar. Kina sa cokali mai yatsu za ki ji ta yi ƙaras. Wani dattijo a teburin kusa da mu ya yi mini nuni da hannu cewa in kifa ta, ƙasan ya koma sama, kafin in kai baki. Na gwada. Ɓangaren da ya sha ruwan sukari ne ya fara taɓa dasashi, ƙamshin man shanu ya biyo baya. Guda biyu na iya ci, na ukun sai da shayinsu mai ɗaci na ɗan ƙaramin kofin gilashi ya taimaka. Asalin gwanayen wannan sana'a mutanen Gaziantep ne, wani gari a kudancin Turkiyya, har Tarayyar Turai ta yi wa bakilawar garin rajistar suna a 2013. Akwai tsada, amma ban yi da-na-sani ba.

Ais kirim ɗinsu mai yauƙi, dondurma, wanda mai sayarwa ke miƙo miki ya fizge, wasan ya fi abin daɗi a wurina. Ƙanwata ta sha dariya, ni kuwa raina ya fara ɓaci a fizga ta huɗu.

Abin da ya tafi da ni shi ne künefe. Wata irin taliya ce siririya kamar zare, a shimfiɗa ta a ɗan farantin ƙarfe, a sa cuku marar gishiri a tsakiya, a gasa sama da ƙasa har ta yi ja, sannan a kwarara ruwan sukari tana tururi. In kin ɗago cokali cukun ya biyo ki yana miƙewa. Abincin mutanen Hatay ne, can kudu wajen iyakar Siriya. Sharaɗinsa ɗaya: a ci da zafi. Na tsaya amsa waya na 'yan mintoci, da na dawo cukun ya daskare ya zama kamar roba, dole na sake sayen wani.

Akwai kuma wani farin abu mai kama da tuwon madara mai laushi, an barbaɗa masa kirfa. Mun kusa cinyewa ƙanwata ta duba sunan a wayarta, tavuk göğsü, ta ajiye cokali.

"Yaya, wallahi ƙirjin kaza ne a ciki!"

"Kaza a madara da sukari?"

Gaskiyarta ne. Ana dafa naman a tsittsinke shi silli-silli har ya ɓace cikin madarar, ba ƙarni ko kaɗan. Na cinye nawa na haɗa da nata.

Wajen tsaraba ne na yi asara. Wani mai shago a hanyar kasuwa ya tare mu da "Hajiya, Hajiya", ya ɗanɗana mana lokum, wata alewarsu, mai taushi, ya auna mana kilo uku daga wani tire na daban ya liƙe a leda. Sai a masauki na gane busasshe ya ba mu, tauri kamar tsohuwar alewa. Washegari na tafi Hacı Bekir da ke kusa da Eminönü, gidan da ke wannan sana'a tun 1777, na sayi mai ruwan fure da mai fistashiyo. Sitaci ne da sukari kawai ake dafawa a hankali, amma nasu yana narkewa ba ya kama haƙori, kuma ya iso Kano lafiya lau.

Bakilawar da na nace sai na taho da ita kuwa, kwana uku a akwati ta saki jiki, ƙaras ɗin nan duk ya tafi. Inna ta gutsura ta tauna, ta dube ni ta ce, "Wannan kika yi ta kira kina ba ni labari? Miƙo mini alkakina."