Saba na mutuwa ta tashi da kanta: laifin wuta ne ko na ram?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: ka haɗa sabar ajiya (kwamfutar da ke adana wa sauran na'urori fayiloli) a gida da tsohuwar kwamfuta mai firosesar Ryzen, ka sa mata faya-fayai shida da manhajar TrueNAS SCALE, tana jone da inbata, amma lokaci-lokaci sai ka tarar ta mutu ta sake tashi ba wanda ya taɓa ta. Kana so ka san wanda za ka saya, sabon fawa-fak (akwatin da ke rarraba wuta cikin kwamfuta) ko sabon ram (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita). Ni dai na ce kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Duka biyun suna jawo abin da kake gani, amma sawun da kowanne ke bari daban ne, kuma bin sawun ba zai ci maka ko sisi ba.

Fara da log, wato kundin da na'urar ke rubuta abin da ke faruwa a cikinta. Buga journalctl -b -1 -e, zai nuna maka ƙarshen abin da na'urar ta rubuta kafin ta faɗi. In ya ce ba shi da bayanan baya, leƙa /var/log/messages. Idan wuta ce ta yanke, layin ƙarshe zai zama na harkar yau da kullum, sai kawai rubutu ya tsaya. Idan ram ne ya gurɓata bayanai, sau da yawa za ka ga kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'urar, ya yi ƙorafi: kernel panic, Oops, ko general protection fault. Sai dai kada ka yanke hukunci da shirun log kaɗai, domin kanel ɗin da ya riga ya ruɗe ba koyaushe yake iya rubuta wasiyyarsa a kan faifai ba.

Shi ya sa na fi son gwaji na biyu. Kowane faifai yana ƙirga sau nawa aka ɗauke masa wuta aka dawo da ita. Buga smartctl -a /dev/sda, nemi layi mai lamba 12, wato Power_Cycle_Count, ka rubuta adadin a takarda, ka yi wa sauran biyar ɗin haka. Ranar da abin ya sake faruwa, ka duba. In adadin ya ƙaru a dukkansu, wuta ta bar na'urar da gaske, ram ba shi da hannu. In bai motsa ba, bod ɗin (babban allon da komai ke jone a kai) ne ya sake tayar da kansa alhali faya-fayan na da wuta, sai zargi ya karkata ga ram, firosesa ko manhaja. Fawa-fak mai rauni ma yana iya sa bod ya sake tashi ba tare da faya-fayai sun mutu ba, saboda haka rashin motsin lambar ba ya wanke shi gaba ɗaya, amma ƙaruwarta hujja ce mai ƙarfi.

Sai lokacin da abin ke faruwa, kuma a nan ne su biyun suka fi rabuwa. Matsalar wuta tana da lokutanta. Faifai babba mai inci 3.5 yana shan wat 5 zuwa 8 idan yana aiki, amma a daƙiƙun farko da zai fara juyawa yana iya jan kusan amfiya 2 a layin bolt 12, wato sama da wat 20. Ninka wannan sau shida, ka ga nauyin da ke faɗa wa fawa-fak a lokaci guda idan faya-fayan suna barci suka farka tare. Haka ma lokacin da ZFS, tsarin da TrueNAS ke adana fayiloli da shi, ke bin duk bayananka yana tantancewa, abin da ake kira scrub, wanda TrueNAS ke sa wa ranar Lahadi in ba ka canza ba. In mutuwar tana zuwa a irin waɗannan lokuta, ka dubi fawa-fak da wayoyinsa, musamman ƙananan wayoyin rarraba wutar SATA masu arha da ake jera faifai uku ko huɗu a kan guda ɗaya.

Akwai kuma abin da ya fi damun mu a nan: canjin wuta. Ƙa'idar ATX ta ce fawa-fak ya iya riƙe na'ura na kimanin milisakan 16 zuwa 17 bayan an ɗauke wuta. Inbata da yawa, in ba a sa su a yanayin UPS (na saurin karɓar wuta) ba, suna iya wuce haka kafin su karɓi kaya daga NEPA, kuma fawa-fak ɗin da ya tsufa ba ya ma kai adadin da aka rubuta. Fitila da fanka ba za su nuna komai ba, kwamfuta kuwa ta riga ta mutu. Abin da ke ɓoye wannan shi ne wani saiti a BIOS (shafin saitin bod da ake shiga lokacin kunna kwamfuta) mai suna Restore on AC Power Loss. In yana kan Power On, na'urar za ta kunna kanta da zarar wuta ta dawo, kai kuma ka ɗauka ristatin ta yi. Mayar da shi Power Off. In ka zo ka same ta a kashe, magana ta ƙare. Kana ma iya kashe wutar gidan da hannunka lokacin da ba a rubuta komai a kan sabar, ka tsaya ka ga ko za ta tsallake canjin.

Ram kuwa ba shi da lokaci. Yau da rana tsaka, gobe da asuba, ana aiki ko ba a yi. Kuma da wuya ya zo shi kaɗai: manhajoji su riƙa rufewa ba dalili, ko umarnin zpool status ya nuna kurakuran CKSUM, wato alamar gurɓatar bayanai, a warwatse a faya-fayai daban-daban alhali SMART, rahoton lafiyar faifai da smartctl ke nunawa, ya ce lafiyarsu ƙalau. Gwajinsa Memtest86+ ne a kan filasha, ka bar shi ya kwana yana zagaye. Kuskure ɗaya tak ya isa. In ya fito, kafin ka jefar da ram ɗin, kashe XMP a BIOS, domin tura ram ne sama da gudunsa na asali, kuma saba ba ta buƙatar wannan. Cire sandunan, hure ƙurar hunturu daga ramukan, mayar da su ɗaya bayan ɗaya kana gwadawa har ka ware mai laifin.

Tunda ka ambaci Ryzen, akwai na uku da ba wuta ba ne sosai, ba kuma ram ba. Ryzen na farko, waɗanda suka fito a 2017, sun yi suna wajen daskarewa ko sake tashi a kan Linux idan ba su da aikin yi, saboda barci mai zurfi da firosesa ke shiga wanda ake kira C6. Alamarsa ita ce na'ura ta yi aiki mai nauyi lafiya lau, sai ta faɗi da tsakar dare tana zaune. Nemi Power Supply Idle Control a BIOS, ka sa shi a Typical Current Idle, ka kuma sabunta BIOS ɗin. Zafi ba zan daɗe a kansa ba: firosesa da ta yi zafi fiye da kima tana rage gudu, in ya ƙi sai ta kashe na'urar ta bar ta a kashe. Duk da haka ka duba fankoki kafin zafin Afrilu.

In ka tilasta mini in zaɓa yau, da inbata da faya-fayai shida, wuta nake zargi, kuma mai yiwuwa ƙaramin UPS tsakanin inbata da sabar ne zai raba gardama, ba sabon fawa-fak ba. Amma ko ka kama wutar dumu-dumu, ka yi gwajin ram ɗin. ZFS ba ya rubutu a kan tsohon bayani kai tsaye, saboda haka yankewar wuta yawanci rubutun daƙiƙun ƙarshe kawai take cinyewa. Ram mai matsala kuwa, in ba ECC ba ne, wato irin ram mai gyara kurakuransa, yana iya ɓata fayil tun kafin ya isa faifai, ZFS ya adana shi a ɓace yana ganin daidai ne. Kwashe muhimman fayilolinka zuwa wani faifai na waje kafin ka fara duk wannan, sannan ka turo lambobin Power_Cycle_Count na kafin faɗuwa da na bayanta, tare da layuka ashirin na ƙarshen log ɗin.