Rangadin kallon tsuntsaye a dausayin Baturiya: 'yan rakiya sun iya aikinsu

Dausayin Baturiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma ta Jigawa, yana cikin jerin Ramsar, wato jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya, tun 2008, kuma 'yan rakiyar ƙauyen sun cancanci ladansu. Sun san inda dinya da kirinjijiya ke kwana, suna rarrabe tsuntsu da kukansa tun yana ɓoye cikin bagaruwa.

A je tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da baƙin tsuntsaye daga Turai suka sauka. A fita bayan sallar asuba, domin da hantsi ya yi zafi sai su lafe. Ayari kada ya wuce mutum takwas. In an yi yawa, surutu ke tashin zalɓe da jinjimi tun daga nesa. Fararen kaya ma suna korarsu, a sa masu launin ƙasa.

Inda aka gaza shi ne kayan aiki. Don haka kowa ya tabbata ya zo da madubin hangen nesa nasa, mai lamba 8x42 (mai ƙara girman abu sau takwas) ya wadatar, da ruwan sha lita 2. Ciyawar kacala ta toshe wasu hanyoyin ruwan, kwalekwale kan maƙale, a ɓata lokaci. Kada a shiga ruwa ba takalmin roba saboda tsargiya.