Karen ɗauko tsuntsu a Birtaniya: me sabon shiga zai fara saya?

Maharban ƙasarmu sun san kare da bin nama: a sake shi, ya kori zomo ko gada, ya kama. Karen da zan yi magana a kansa aikinsa kusan akasin haka ne. A gonakin Ingila da tsaunukan Sikotlan, maharbi ne ke harbo tsuntsu da bindiga, kare kuwa yana zaune a gefen ƙafar mai shi kamar an dasa shi. Sai an ba shi izini zai tafi, ya nemo abin da ya faɗi cikin ciyawa ko ruwa, ya kawo shi har hannu ba tare da ya sa masa haƙori ba. Turawa suna ce wa irin wannan kare retriever, wato mai ɗaukowa.

Wanda zuciyarsa ke ɗar-ɗar game da ajiye kare, aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta yi maganar dabbobin farauta da aka horar, kuma karen farauta yana cikin waɗanda hadisi ya keɓe tare da na kiwo da na gona. Sauran bayani na malamai ne.

Sayayya uku ce a gaban mai son shiga harkar: kare, malami da kayan horo. Sababbin shiga sukan fara da kaya, saboda su ne ke ɗaukar ido a shago, alhali su ne mafi arha kuma mafi sauƙin gyara idan an yi kuskure. Kuskuren zaɓen kare kuwa da shi za ka zauna shekara goma ko fiye.

Idan ba ka taɓa horar da kare ba, Labrador zan ce ka duba kafin kowa. Kakanninsa karnukan masunta ne na tsibirin Newfoundland, waɗanda jiragen ruwa suka riƙa kawowa Ingila a ƙarni na 19, gidajen sarautar Malmesbury da Buccleuch suka raya irin, ƙungiyar rajistar karnuka ta Kennel Club ta amince da shi a 1903. Abin da ya sa ya dace da ɗan koyo shi ne haƙurinsa. Za ka busa usur ba a kan lokaci ba, za ka ba da umarni biyu masu karo da juna, ya yafe maka, gobe ya dawo da zumuɗinsa. Ga shi da kwaɗayi, kuma kare mai son abinci ba ya wuyar koyarwa. Gashinsa gajere ne, yana fitowa daga ruwa ya girgiza, shi ke nan.

Golden Retriever shi ne na biyu. An fara haɗa irinsa a 1868 a gandun Guisachan da ke Sikotlan. Hancinsa yana da kyau ƙwarai, amma galibi ya fi Labrador jinkirin yin hankali, kuma zuciyarsa ta fi taushi: tsawa ɗaya mai ƙarfi tana iya sa ya yini yana raɓe-raɓe. Dogon gashinsa kuma yana kwasar ƙaya da laka, don haka ka shirya taje shi duk ranar da kuka fita. Flat-coated kyakkyawa ne mai fara'a, sai dai wasan yarinta ba ya barinsa da wuri, kuma an san irin da yawan kamuwa da ciwon daji. Chesapeake na Amurka gwanin ruwan sanyi ne mai taurin kai, ka bar wa waɗanda suka daɗe a fagen.

Sunan iri kaɗai ba ya wadatarwa. A cikin Labrador ɗin kansa akwai zuriya biyu: ta baje koli, masu kauri da faɗin kai, da ta aiki, sirara masu zafin nama. Ta aiki kake nema. A takardar salsalar kwikwiyo za ka ga haruffan FTCh a gaban sunan wasu kakanni, sau da yawa da jan tawada, ma'ana sun ci gasar farauta ta gaske a daji. Samun wasu daga cikinsu a takarda alama ce mai kyau. Amma takardar da ta yi jawur daga sama har ƙasa tana iya nufin kare mai wuta a jiki, wanda aka haifa don hannun ƙwararre. Ingarman doki ba na mai koyon hawa ba ne. Ni na fi son ɗan karyar da ke fita aiki duk kaka a wani gandu, mai natsuwa, wadda zan je in gan ta da idona tana zaune shiru ana harbi.

Kada ka biya ko sisi sai ka ga takardun lafiyar uwa da uba. Ana ɗaukar hoton ƙashin ƙugu bayan kare ya cika wata 12, likitocin BVA, ƙungiyar likitocin dabbobi ta Birtaniya, su ba shi maki daga 0 zuwa 106 idan an haɗa ɓangarorin biyu. A nan ƙaramin maki shi ne nasara, kuma ana son ɓangarorin su yi kusa da juna. Gwiwar ƙafar gaba ana auna ta daga 0 zuwa 3, kuma 0 ake nema. Sai gwajin ido, da gwajin ƙwayar halitta na cututtukan gado irin su PRA mai makantarwa da EIC mai sa kare ya zube a tsakiyar gudu. Mai kiwon da ya ce maka "ai karnukana lafiyarsu ƙalau, ba sa buƙatar takarda", ka yi masa godiya ka kama hanya. Doka ma tana bayanka: ba a sayar da kwikwiyo kafin mako takwas, tun 2016 dole a sa masa ƴar ƙwayar shaida a ƙarƙashin fata, kuma tun 2020 a Ingila an hana dillalai sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba. Daga hannun mai kiwo za ka saya, ka ga ɗan tare da uwarsa.

Tambaya ta gaba ita ce shekarun karen. Kwikwiyo ɗan mako takwas shi ne mafi arha a ranar saye, kuma shaƙuwar da za ku yi ba ta da na biyu, amma duk kuskuren da zai tashi da shi naka ne. Akwai mai rabin horo, ɗan shekara ɗaya ko fiye, wanda ya iya tafiya a gefen ƙafa, ya san usur, yana ɗauko abin horon da ake jefawa a madadin tsuntsu. Kuɗinsa ya fi yawa, sai dai kana ganin abin da kake saye. Abin tambaya ɗaya ne: me ya sa ake sayar da shi? Sau da yawa amsar ba ta da illa, mai gasa ne ya ga karen ba shi da saurin da zai ci kofi, wanda kuwa shi ne daidai da kai. Wani lokacin kuma karen yana kuka idan ya ƙosa, ko yana matse tsuntsu har ya karya masa haƙarƙari, ko yana tsoron ƙarar bindiga. Waɗannan ukun da wuya su gyaru. Ka nemi a gwada maka shi a filin da bai sani ba, a yi harbi yana wurin. Mai cikakken horo ya ninka kwikwiyo kuɗi sau da dama, kuma a hannun wanda bai san aikin ba, ƴan watanni sun isa horon ya warware.

Wannan ya kawo mu kan malami, inda nake ganin ya kamata kuɗi mafi tsoka bayan na kare su tafi. Gaskiyar da ba a so a ji ita ce kai za a koyar, karen da rabin iliminsa aka haife shi. Ajin taro, irin wanda ƙungiyoyin masu karnukan farauta ke shiryawa a ƙarshen mako, shi ne mafi sauƙin kuɗi, kuma yana ba da abin da ba za ka samu a bayan gida ba: karenka zai koyi zama yana kallon wani kare na ɗauko abin da shi ma yake so. Matsalarsa ita ce malami ɗaya ne ga mutane da yawa. Darasin kai kaɗai da malami ya fi tsada, amma a awa guda zai gano cewa kana sunkuyawa kan kare lokacin karɓar abu, shi ya sa yake zubarwa a ƙasa. Akwai kuma kai kare makarantar kwana na wasu makonni. Zai dawo da ladabi, kai kuma kana nan yadda aka bar ka. Shawarata ita ce darasi kaɗan na kai kaɗai da farko, sannan ajin taro. Kafin ka biya, ka je kallo ba tare da karenka ba, ka dubi karnukan malamin: suna zuwa wurinsa suna kaɗa wutsiya, ko suna zuwa a maƙure?

Kayan aiki ba su da yawa. Igiyar zarge guda ɗaya, wadda ita ce igiya ita ce abin wuya, domin karen ɗauko ba ya aiki da abin wuya, kada reshe ya maƙale shi a ruwa ko cikin sarƙaƙiya. Usur kuwa, yawancin masu irin wannan kare Acme mai lamba 211.5 suke rataya, ƙirar Birmingham, masu Spaniel, wani irin karen farauta, kuma 210.5. Amfanin lambar shi ne idan ya ɓace ka sayi wani mai murya iri ɗaya, don haka ka sayi biyu tun farko. Busa ɗaya doguwa tana nufin tsaya ka kalle ni, gajeru a jere suna nufin dawo. Sai ƴan matasan tamfol da ake jefawa a madadin tsuntsu. Na babban kare laba ɗaya ne, kusan giram 450, na kwikwiyo rabin haka ko ƙasa, kuma a makonnin farko safa da aka ƙulle ta isa. Tamfol ya fi roba riƙe ƙanshi da daɗin baki, na roba ya fi dacewa da ruwa don ba ya jiƙewa. Biyu ko uku sun ishe ka.

Na'urar cilla matashi mai amfani da harsashin da ba ƙwaya, da ƙaramar bindigar saba wa kare da ƙara, ka bar su tukuna, malaminka yana da su kuma ya san nisan da ake farawa. Abin wuya mai jan lantarki kada ma ka kalle shi, a yankin Wales an haramta shi tun 2010. Abin harba ƙwallo na yawon shaƙatawa kuwa ba ƙaramar ɓarna yake yi ba, yana koya wa kare cewa duk abin da ya tashi sama nasa ne ya bi. Haka wasan ja-in-ja da tsumma, da jefa sanda. Ɗauko biyu ko uku a zama ɗaya sun isa, wasu ma kai za ka je ka ɗauko yana zaune yana kallo. Tsakanin wata huɗu da shida, lokacin famfarar haƙori, ka rage jifan sosai, bakinsa ciwo yake.

Wajen lokacin saye, ka yi lissafi da kalandar farauta. Ana buɗe harbin tsuntsun tsaunuka da ake kira grouse ranar 12 ga Agusta, na agwagwa da fatirij, ɗan'uwan fakara, ranar 1 ga Satumba, na fezan, tsuntsu mai dogon bindi, kuma daga 1 ga Oktoba zuwa 1 ga Fabrairu. Kwikwiyon da ka ɗauko a watan Mayu zai yi girma cikin dogayen ranakun bazarar Turai, amma kakar farko ba tasa ba ce, ko da kowa na yaba shi. A bazara mai zuwa sai ka sa shi a gwajin da ƙungiyoyi ke yi da matasan tamfol, a ajin sababbi. Idan ya zauna daram a can, to a Oktoba ka roƙi mai kula da gandu ya bar ka ka tsaya can baya, nesa da layin bindigogi, da igiyar a aljihunka.