Camry haibirid mai yawan kashe batir: sabon batir ko na'urar ishtirak?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka tun daren jiya. Ga waɗanda ba su gani ba: yana zaune a Makka, yana da Camry haibirid ta 2019, bara ya sa mata sabon ƙaramin batir, amma tun bayan azumi in ta kwana uku ko huɗu a ajiye sai ta ƙi tashi, sai an nemo mai yi masa ishtirak, wato a jona mata wuta daga batirin wata mota. Wasu a nan sun ce ya sake sayen batir, wasu sun ce ya sayi ƙaramar na'urar ishtirak ɗin nan ta hannu ya huta da roƙon mutane. Yana son a faɗa masa wanne ya fi.

Kafin a kwatanta su sai an san aikin da batirin nan yake yi, domin ba irin na motar da muka saba ba ne. Haibirid ɗin Toyota batir biyu gare ta. Akwai babba mai bolt sama da 200, akwai ƙarami mai bolt 12, wanda a Camry ɗinka yana cikin but. Ƙaramin ba ya juya inji. Motar ba ta da sitata irin wadda ka sani, ba ta da dainamo. Abin da ƙaramin yake yi shi ne ya tashi kwamfutocin motar, ya haɗa babban batir da sauran jiki, daga nan babban ya karɓi aiki, shi ne yake juya injin idan an buƙace shi. Cajin ƙaramin kuwa daga babban yake zuwa, ta wata na'ura mai rage ƙarfin wutar zuwa bolt 14 ko kusa da haka. Wannan cajin ba ya farawa sai koren rubutun READY ya fito a gabanka. In ka danna POWER sau biyu ba ka taka birki ba, rediyo zai kama, gilashi zai sauka, fanka za ta hura, amma duk daga jikin ƙaramin batir ake ci, babu abin da ke komawa. Mutanenmu da yawa a nan suke kashe batir: a tsaya ƙofar masallaci ko bakin kasuwar Ka'akiyya ana jiran iyali, a kashe mota wai don tsimin fetur, a bar karatu yana tashi a rediyo, waya biyu suna caji. Gara ka bar ta a READY, giya a P. Injin zai riƙa kunna kansa yana kashe kansa, fetur ɗin da zai sha bai kai kuɗin batir ba.

Saboda ƙaramin batirin ba ya juya inji, ba ya yi maka gargaɗi. A tsohuwar mota kana jin sitata ta yi nauyi ka san batir ya kusa. Haibirid yau lafiya lau, gobe ƙofa ta ƙi buɗewa da rimot, ko fitilun dasbod su kama barkatai READY ya ƙi fitowa, hankalin mutum ya tashi ya ɗauka babban batir ne ya tafi.

To, mu ɗora su a sikeli.

Sabon batir yana magance abu guda: batirin da ya gaji. Kuma a ƙasar nan batir yana gajiya da wuri. Masu ƙera batirin dalma suna lissafin rayuwarsa ne a zafin digiri 25, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba kwanansa biyu. Kai kuwa kana garin da a aikin Hajjin 2024 aka auna digiri 51.8 a Harami. Saboda haka wanda ya ce maka batirin bara ba zai mutu bana ba, bai san bazarar Makka ba. Ga kuma wani abu: batirin dalma ba ya son a zuƙe shi ƙarƙaf. Duk lokacin da ya sauka ƙasa ya kwana a haka, wani farin gishiri yana daskarewa a farantan cikinsa, wurin ajiyar wuta ya ragu, kuma ba ya dawowa duka. Naka da aka yi ta tayarwa da ishtirak tun bayan azumi, ko da ya zo da lafiyarsa, yanzu ya raunana. Ta wannan fuskar masu cewa ka canza suna da gaskiya.

Inda ba su da gaskiya shi ne ɗaukar cewa canjin zai kashe maganar. In akwai abin da ke shan wuta mota tana kashe, sabon batir randa ce mai huda ka cika: zai ɗauke ka wata biyu ko uku don yana da ƙarfi, sannan ka dawo inda kake, ka fara zagin mai shago.

Na'urar ishtirak ba ta magance komai a jikin motar. Abin da take saya maka shi ne mutunci da lokaci: ba tsayawa bakin titi da wayoyi a hannu kana ɗaga wa masu wucewa hannu da tsakar rana. A haibirid tana da daɗin sha'ani fiye da a kowace mota, tunda ba inji za ta juya ba, kwamfuta kawai za ta tasa. Mafi ƙanƙantarta ta isa. Kada mai shago ya ɗora maka ƙatuwar da aka yi don motar dizal. Tana kuma rage haɗarin da na fi jin tsoro, wato a juya wayoyi, ja a wurin baƙi. A haibirid wannan kuskuren na daƙiƙa ɗaya yana iya ƙona babban fiyus, in an yi rashin sa'a ya taɓa na'urar cajin nan da na ambata, kuɗin gyaranta kuwa ya ninka na batir sau da yawa. Yawancin na'urorin hannu masu kyau suna ƙin sakin wuta in an juya su, wayar ishtirak ta ɗan tasi kuwa ba ruwanta.

Aibinta biyu. Na farko, tana sa mutum sakaci. Tunda motar tana tashi, sai a bar batirin yana ta mutuwa ana tayar da shi har ya lalace gaba ɗaya, ɓarawon wutar kuma yana nan. Na biyu ya shafi ƙasar nan musamman: cikinta batirin litiyam ne irin na waya, kuma motar da aka rufe a rana cikinta yana wuce digiri 60. Ba a barin ta a dasbod ko a aljihun gaba wata da watanni. Tana kumbura, cajinta yana zubewa, ranar da ka neme ta ka tarar ita ma ta mutu. Ka ajiye ta a ɗaki, ka riƙa duba cajinta, ka ɗauke ta in za ka fita. Tunda taka a ƙofar gida take mutuwa bayan ta kwana uku ko huɗu, wannan bai hana ta yi maka amfani ba.

Ta fuskar kuɗi ba su da nisa da juna, kowanne 'yan ɗaruruwan riyal ne, gwargwadon iri. Bambancin shi ne batir in ka saya da fatura, wato rasit, yana da garanti, galibi na shekara. Nemo faturar bara tun yau, ka duba kwanan wata. In lokacin bai fita ba, ka koma inda ka saya a auna shi a gabanka kafin ka fitar da ko riyal ɗaya.

Ni dai a ganina ba a nan gizo yake saƙa ba. Kafin ɗayan biyun nan akwai awon da bai kai kuɗin cin abincin rana ba, kuma shi zai gaya maka wanne za ka saya. Ka sami mitar awon wuta, ko ka je wurin mai gyaran wutar mota a sina'iyya, unguwar makanikai, a auna abu uku.

Na farko, da safe kafin a taɓa motar, a ɗora mita a kawunan batir. Cikakken batir yana nuna 12.6 ko sama kaɗan. In ka ga 12.2, rabi ya tafi. Ƙasa da 12, ya sauka. Na biyu, a kunna ta READY ya fito, a sake aunawa. Ya kamata lambar ta haura zuwa tsakanin 13.5 da 14 da ɗoriya. In ta tsaya a 12 da wani abu ba ta motsa ba, motar ba ta caji, kuma babu batirin da zai zauna a cikinta. Wannan aikin wakala ne, wato wakilin kamfanin Toyota, ko gwanin haibirid, ba na mai banshar da ke facin taya ba. Ka sa a duba kawunan batirin ma, da wayar baƙi inda aka ɗaure ta a jikin mota, don sako-sakon kai kaɗai yana kawo duk alamomin nan.

Na uku shi ne wanda ake gudu saboda yana cin lokaci, kuma shi ne mai kama ɓarawo. A kashe mota, a cire wayar baƙi, a sa mita tsakaninta da kan batir a ma'aunin amfiya. Tunda batirin yana but, sai a danna ƙugiyar makullin but ɗin da sukurdireba ta rufe, motar ta ɗauka a rufe yake, fitilar ciki ta mutu. A kai makulli nesa. Sannan a jira, minti 20 zuwa 30 ko fiye, kwamfutocin su yi barci. Mai gyaran da ya ɗora mita ya karanta nan take ya ce maka "akwai shot" bai auna komai ba. Bayan sun kwanta, abin da lafiyayyiyar mota take sha bai kamata ya wuce miliamfiya 50 ba (miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya). In ka ga 200 ko 300, sai a bi fiyus ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Kada kowa ya danna POWER mita tana tsakani, fiyus ɗin mitar zai ƙone. Wayoyi masu ruwan lemo kuwa na babban batir ne, ba a taɓa su ko da wasa.

Yi lissafin da kanka ka ga yadda kwana uku suke cinye batir. Abin da ke shan miliamfiya 300 yana cin sama da amfiya 7 a kwana guda. Batir mai ɗaukar amfiya 45 zuwa 60 yana sabo, wanda zafi ya riga ya rage masa, kuma wanda dama ba a cike aka ajiye shi ba, kwana uku zuwa huɗu sun kai shi ƙasa. Daidai abin da ka bayyana ke nan. Shi ya sa zargina ya fi karkata ga abin da aka ƙara wa motar bayan ta fito daga kamfani: kyamarar gaba da aka haɗa ta riƙa ɗauka ko mota tana kashe, na'urar bin sawu da mai motar na farko ya sa aka ɓoye ƙarƙashin sitiyari, babban allon rediyo da aka canza, ko ɗan abin nan da ake cusawa a ramin kwamfuta a manta da shi. In hannu na biyu ka saye ta, musamman in ta taɓa yin tasi ko haya, ka sa a leƙa ƙarƙashin dasbod da tocila. Makulli ma yana da nasa laifin: in kana rataye shi kusa da tagar da motar take, su biyun suna ta magana da juna dare da rana. A rimot ɗin Toyota, ka danne maɓallin kullewa ka danna na buɗewa sau biyu, 'yar fitilar za ta ƙifta sau huɗu, ya yi barci sai ka sake taɓa wani maɓalli.

In awo na uku ya fito lafiya, to yunwa ce ke kashe shi. Motar da ake fita da ita minti goma zuwa baƙala, kantin unguwa, a dawo ba ta mayar da abin da ta ci. Batirin da ya sauka awanni yake buƙata, ba zagaye ɗaya na unguwa ba. Lokacin kullen korona a 2020, reshen Toyota na Ingila ya shawarci masu haibirid su riƙa barin mota a READY na minti 60 sau ɗaya a mako. Giya a P, ba N ba, don a N babban batir ba ya samun caji; a fili kuma, ba cikin rufaffen gareji ba, tunda injin zai riƙa tashi. Zuwa Jidda da dawowa ma ya biya wannan buƙata. Cajar bango mai kashe kanta ta fi duka kyau, sai dai yawancinmu a bene muke, mota tana titi, ba inda za a ja waya.

In ta kama sai an canza, ga abin lura. Batirin da ke cikin but yana da ɗan bututun roba da ke fitar da iskar da yake saki zuwa waje. Ka tabbata sabon yana da ramin bututun, kuma an mayar da shi, don wasu masu shago cire shi suke yi su jefar. Ka sayi girma da nau'in da littafin motar ya faɗa. In AGM ta zo da shi, wato rufaffen batirin da ruwansa ba ya zuba, AGM za ka mayar. Ka duba ranar ƙira a jikinsa, ka sa a auna shi kafin a ɗaura, saboda wanda ya shekara a kanta cikin zafin shago tsoho ne a sabon kwali.

Masu Hyundai da Kia kada ku ɗauki duk wannan ku ɗora wa motocinku. Wasu haibirid ɗinsu, kamar Ioniq, ƙaramin batirinsu na litiyam ne a haɗe da babban, kuma akwai maɓalli kusa da sitiyari mai rubutun 12V BATT RESET: ka danna, ka tayar da motar cikin daƙiƙa 15, ba ka nemi kowa ba. Camry ba ta da wannan.

Da ni ne kai, ga yadda zan jera su: awo tukuna, a cire ɓarawon in an kama shi, sannan batir, a garanti in ya yiwu, don wannan na yanzu ya sha wuya. Na'urar ishtirak ta zo daga baya, ƙarama, in aljihu ya ba da dama. Ranar da za ka tafi gida hutu na wata ɗaya ko biyu kuma, ka cire wayar baƙi kafin ka wuce filin jirgi, amma ka fara gwada ɗan makullin ƙarfen da ke cikin rimot, ka tabbata ka san yadda za ka kai ga but ɗin ba wuta. Turo mana lambobi ukun nan in an auna, da hoton takardar da ke jikin batirin.