Gwajin ido a Gusau: tabarau na je nema, na samu fiye da shi

Ni tela ce, kuma tun da na haura arba'in zare ya daina shiga allura sai na kira yarinya. Maƙwabciyata ta ce in sayi tabarau na tebur a kasuwa in huta, ni kuwa na gwammace in je wani asibitin ido a nan Gusau.

Layi kam akwai shi. Wadda ba ta yi sammako ba, azahar za ta riske ta a kan benci. Kuɗin kati da gwaji bai kai na turmin atamfa ba.

Bayan karanta haruffan allo, sai aka auna min hawan jinin ido, wato matsin ruwan da ke cikin ido, abin da ban je dominsa ba. Likitan ya ce lafiyayyen ido yakan tsaya tsakanin 10 zuwa 21, nawa na dama ya ɗan haura. Ya tambaye ni, "Hajiya, wane magani kike ɗigawa?" Na ciro kwalbar da nake saya a kemis duk hunturu saboda ƙaiƙayi. Ashe akwai sitiroyid a ciki, mai kwantar da ƙaiƙayi nan take amma yana ɗaga matsin ido idan an daɗe ana sa shi. Cutar hawan jinin ido ba ta ciwo, daga gefe take fara cin gani, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Ya ce bushewar ido ce ke damuna, wadda ta fi kama mata idan al'ada ta doshi ɗaukewa, ga hazo, ga hayaƙin itace. Ya canza min zuwa ruwan jiƙa ido.

Har kwallina sai da ya taɓo. Ya ce na dutse da ake niƙawa yawanci akwai dalma a ciki, kuma mu muke ranbaɗa wa jarirai. Ɗan Zamfara ba sai an yi masa dogon bayani ba, mun ga yadda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010. Ni dai na daina sa wa jikokina.

Inda suka gaza: an ɗiga min maganin buɗe ƙwayar ido ba tare da kowa ya gaya min zan yi awoyi ina gani dishi-dishi ba. Na fito rana ta kashe min ido, ko lambar waya na kasa karantawa, da ƙyar na tari Keke Napep. Duk mai zuwa ta tafi da 'yar rakiya. Sannan mai sayar da firam sai tura ni take wajen masu tsada. Na karɓi takardata mai nuna ƙarfin gilashin, +1.50, na zaɓi firam mai sauƙi, kuma yanzu da kaina nake zura zare har da dare.

An ba ni ranar komawa a sake awon. Da Inna zan tafi, don gashin idonta ya juya ciki, kullum tana tsige shi da matsefata, kuma likitan ya ce amodari ke jawo haka, ƙaramin aiki ake yi a gyara fatar idon.